Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Tarihin Ranchers Bees Da Darasin Garin Kofu Ga Masu Jari

KWALI, ABUJA

Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Lakwaja da la'asar sakaliya ya ratsa ta garin Kwali, ba zai rasa ganin samari suna buga ƙwallo a filayen makarantun firamare ba, wasu da takalmi wasu kuwa ƙafa a ƙasa, an kakkafa itace a matsayin raga. Idan dare ya yi, musamman ranakun Asabar da Lahadi, waɗannan samari da yayyensu su ne ke cika gidajen kallo, kowa ya biya kuɗinsa domin ya ga wasannin Ingila da na Sifen. Ke nan akwai 'yan wasa, akwai 'yan kallo, akwai kuma kuɗin da ke fita daga aljihun jama'a kowane mako saboda ƙwallo. Abin da ya rage shi ne ƙungiya mai ƙarfi ta 'yan gari wadda wani kaso na wannan kuɗi zai riƙa shiga asusunta.

Wannan giɓi kuwa bai tsaya a Kwali kaɗai ba. A kakar wasa ta 2025/2026, daga cikin ƙungiyoyi 20 na babban rukunin ƙasar nan babu ko ɗaya daga Birnin Tarayya, alhali a nan ne aka gina babban filin wasa na ƙasa mai ɗaukar mutum kimanin 60,000, wanda aka buɗe a shekarar 2003. Sau da yawa idan aka tuntuɓi attajiri da maganar zuba jari a harkar ƙwallo, amsarsa ba ta wuce cewa rijiya ce gaba dubu, ana zubawa ba ta cika. Domin a gane inda gaskiyar wannan magana take da inda ta kauce, ya kamata a waiwayi tarihin ƙungiyoyi biyu da suka daɗe a ƙananan rukunai, wato Ranchers Bees ta Kaduna, da kuma Ventforet Kofu ta ƙasar Japan.

Daga masana'anta zuwa filin wasa

Asalin Ranchers Bees ƙungiyar ma'aikata ce. A shekarar 1964 ne gwamnatin tarayya ta kafa Kamfanin Ƙera Makamai na Nijeriya, wanda aka fi sani da DIC, aka kuma gina masana'antarsa a unguwar Kakuri cikin Kaduna. Kamar yadda al'adar manyan kamfanoni take a wancan zamani, kamfanin ya mallaki ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai suna DIC Bees. Tsarin irin waɗannan ƙungiyoyi mai sauƙi ne. Ɗan wasa ma'aikaci ne, sunansa na cikin takardar albashi, motar kamfani ke kai shi wasa, asibitin kamfani ke duba shi idan ya ji rauni. Idan ƙarfinsa ya ƙare kuma sai ya koma bakin aiki. Kuɗin da ake kashewa ana ɗaukarsa a matsayin na jin daɗin ma'aikata da tallata sunan kamfani, saboda haka ba wanda ke tambayar ƙungiya ribar da ta kawo a ƙarshen shekara.

A kan wannan tsari, ko kuwa a kan aljihun wani attajiri guda, aka gina ƙwallon Arewa baki ɗaya. A Jos, Alhaji Isiyaku Ibrahim shi ya riƙe Mighty Jets, wadda ta zama zakara a gasar ƙasa ta farko a 1972. A Kano akwai Raccah Rovers, mai ɗauke da sunan gidan kasuwancin nan da ya shahara a cinikin gyaɗa, wadda ta ci gasar ƙasa a 1978, shekarar da ta kara da Fluminense ta Barazil a Kaduna, inda Pele da kansa ya shiga fili cikin rigar baƙin. Masaƙar UNTL ta Kaduna tana da tata ƙungiya, haka nan Bankin Arewa da hukumar WRECA a Kano, yayin da kamfanin siminti na Binuwai ya riƙe BCC Lions ta Gboko.

DIC Bees ta fara jan hankalin ƙasa sosai a shekarar 1983, sa'ad da ta kai wasan ƙarshe na gasar cin Kofin Ƙalubale. An tashi babu ci tsakaninta da Rangers ta Inugu, sai a bugun daga kai sai mai tsaron gida ne Rangers ta yi galaba. Bayan 'yan shekaru ƙungiyar ta fita daga hannun kamfanin ta koma hannun wani ɗan kasuwa, Alhaji Muktar Muhammad Aruwa, wanda daga baya ya wakilci Kaduna ta Tsakiya a Majalisar Dattawa daga 1999 zuwa 2007. A zamaninsa ne ta zama Ranchers Bees, har magoya baya suka riƙa yi mata laƙabi da yaran Aruwa.

Shekarun zuma

Shekaru uku, daga 1987 zuwa 1989, su ne ƙololuwar tarihin wannan ƙungiya. A 1987 ta sake kai wa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, ta haɗu da Abiola Babes ta Abekuta, ƙungiyar Cif Mashood Abiola, aka kuma sake raba gardama da bugun daga kai sai mai tsaron gida, kofin ya kuɓuce mata karo na biyu. To, a nan ne wani abin lura ya faru. Ba a daɗe da wannan wasa ba sai mai Abiola Babes ya rushe ƙungiyarsa, kofi na hannunta. A daidai wannan lokaci ita ma Leventis United ta Badun, wadda ta ci gasar ƙasa a 1986, masu ita suka rufe ta. Manyan ƙungiyoyi biyu ke nan suka ɓace ba don an fi su iya wasa ba, illa dai masu biyan kuɗi sun ce sun gaji.

Rushewar Abiola Babes ita ta buɗe wa Ranchers Bees ƙofar wakiltar Nijeriya a gasar zakarun kofuna ta Afirka a 1988. Ba ta kuwa ba da kunya ba, domin sai da ta kai wasan ƙarshe, inda CA Bizertin ta Tunisiya ta doke ta da ci ɗaya tilo a wasanni biyu, gida da waje. A shekara mai bi, wato 1989, ta ɗauko kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma bayan ta yi nasara a kan ASEC ta Abijan. Cikin 'yan wasanta na lokacin akwai wani matashi haifaffen Kaduna mai suna Daniel Amokachi, wanda a 1990 ya wuce Club Brugge ta Beljiyam. A 1994 Everton ta Ingila ta saye shi a kan fam miliyan 3, ya ci kofi da ita a 1995, sa'an nan ya samu lambar zinariya da Nijeriya a wasannin Olamfik na 1996.

Ɗan kasuwa zai so ya tsaya a kan wannan ciniki. Hajar da aka rena a Kaduna ta kai darajar fam miliyan 3 cikin shekara huɗu da barinta gida, amma a wancan lokaci babu wata doka ta duniya da ta tilasta a ba ƙungiyar da ta reni ɗan wasa wani kaso idan an sake sayar da shi. Sai a shekarar 2001 ne hukumar FIFA ta shigo da ƙa'idar cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayen ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa, a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Da a ce wannan ƙa'ida na aiki a 1994, fam 150,000 ne za a ware a raba.

Yadda rana ta yi sanyi

Abin mamaki shi ne, shekarun da Ranchers Bees ke cin kofuna su ne shekarun da ƙasan da take tsaye a kai ta fara zaizayewa. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Naira, wadda kafin nan take kusan kai ɗaya da dalar Amurka, ta faɗi zuwa wajen naira 4 a dala ɗaya kafin ƙarshen shekarar, zuwa 1993 kuwa farashin gwamnati ya kai wajen naira 22. Takalma, riguna, ƙwallaye da tikitin jirgin sama duk suka yi tashin gwauron zabo. Masana'antun da ke shigo da kayan gyara daga waje suka shiga rage ma'aikata, kuma kowa ya san idan kamfani na neman inda zai tsuke bakin aljihu, ƙungiyar ƙwallo ce ke fara shan wuƙa.

A cikin wannan hali ne aka ƙaddamar da gasar ƙwararru ta Nijeriya a shekarar 1990. Manufar ita ce ƙungiyoyi su zama kamfanoni masu cin gashin kansu, su mallaki filayensu, su nemi kuɗin shigarsu. Amma sunan ne ya canja, asusun bai canja ba. Kuɗin ƙofa bai isa ya biya albashi ba, talabijin ba ya biyan abin kirki, 'yan kasuwan gari kuwa ba wanda ya gayyace su, tun da kowa ya ɗauka ƙungiya ta mai ita ce. Da kamfanoni suka janye sai gwamnatocin jihohi suka maye gurbinsu. A Kano, a 1990 ɗin nan aka haɗe WRECA da Golden Stars da ƙungiyar Bankin Arewa aka samar da Kano Pillars. BCC Lions, wadda ta ɗauko kofin Afirka a 1990 ta kuma haɗa gasar ƙasa da Kofin Ƙalubale a 1994, ta dusashe tare da raunin kamfanin da ya haife ta. A Kaduna kuwa Masaƙar KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, dubban ma'aikatan da ke sayen tikiti ranar Asabar suka rasa albashi.

Ita Ranchers Bees ba ta mutu ba, sai dai ta shafe mafi yawan shekarun wannan ƙarni a ƙananan rukunai, ta leƙo sama ta koma. A 2010, lokacin da Kofin Ƙalubale ya zo garin a ƙarshe, Kaduna United ta gwamnatin jiha ce ta kawo shi. A 'yan shekarun baya-bayan nan ne aka ji ɗan wasan Nijeriya Sadiq Umar, shi ma haifaffen Kaduna, ya shiga cikin masu mallakar ƙungiyar tare da ɗan majalisar wakilai Bello El-Rufa'i. Shi Sadiq ta wata makarantar horar da 'yan ƙwallo da ke Abuja ya bi ya tafi Italiya, daga baya ya yi wasa a Sabiya da Sifen. Wannan abin farin ciki ne ga masoyan ƙungiyar. Amma tarihinta tun daga Kakuri ya bar wa sababbin masu ita tambaya guda, wato ko za a faɗaɗa tushenta, ko kuwa za ta ci gaba da rataya a wuyan mutum ɗaya ko biyu.

Wani ƙaramin gari a Japan

Ƙasar Japan ita ma daga ƙungiyoyin kamfanoni ta faro. Nissan, Mitsubishi, Toyota, Hitachi da Yamaha kowannensu na da ƙungiyarsa, 'yan wasa kuma ma'aikata ne, tamkar dai DIC Bees. Gasar ƙwararrunsu ma sai a watan Mayu na 1993 aka fara ta, shekara uku bayan tamu. Bambancin shi ne, shugaban gasar na farko, Saburo Kawabuchi, ya dage cewa kowace ƙungiya ta zama kamfani mai rajista, ta zaɓi garin da zai zama gidanta, ta kuma ɗauki sunan garin a maimakon sunan kamfani. Duk da haka ba su tsira daga irin tamu masifa ba. A ƙarshen 1998 kamfanin gine-gine na Sato Kogyo ya janye daga Yokohama Flugels saboda matsin tattalin arziki, aka narkar da ita cikin maƙwabciyarta. Wasanta na ƙarshe a duniya shi ne wanda ta ci Kofin Sarkin Japan ranar 1 ga Janairu, 1999. Mai karatu zai tuna da Abiola Babes.

Kofu kuwa ƙaramin birni ne mai mutum ƙasa da 200,000, hedkwatar lardin Yamanashi, yankin duwatsu da ya shahara da noman inabi. Ƙungiyar garin ba ta taɓa samun wani babban kamfani a bayanta ba. Tsofaffin ɗaliban wata makarantar sakandare ne suka zama ginshiƙinta lokacin da aka kafa ta a 1965 da sunan Kofu Club, a 1972 ta shiga rukuni na biyu na gasar ƙasa, a 1995 ta koma Ventforet Kofu. Da aka kafa rukuni na biyu na ƙwararru a 1999 tana cikin waɗanda aka fara da su, sai dai ita ce ta zo ta ƙarshe a wannan shekara, haka kuma a 2000. 'Yan kallo suka ƙaurace, hasarar da ta taru ta haura yen miliyan 400, ta zarce jarin kamfanin gaba ɗaya. Aka fara maganar rufe ta.

A farkon 2001 manyan masu hannun jari, wato gwamnatin lardi, da hukumomin biranen Kofu da Nirasaki, da kamfanin jarida da rediyo na yankin, suka amince a ba ta shekara ɗaya bisa sharuɗɗa uku. Na farko, matsakaicin 'yan kallo a kowane wasan gida ya kai 3,000. Na biyu, magoya baya masu rajista da biyan kuɗin shekara su kai 5,000. Na uku, kuɗin talla ya kai yen miliyan 50. Idan aka gaza, a rufe. Aka ɗauko Kazuyuki Umino daga kamfanin jaridar aka ba shi shugabanci.

Dabarar da aka bi ba ta da wani sirri. Tun da babu attajiri guda da zai ba da miliyan 50, sai aka shiga bin ƙananan 'yan kasuwa kanti-kanti. Aka jera allunan talla a gefen fili har suka yi sahu-sahu, aka sa talla hatta a jikin makarar da ake ɗauke ɗan wasan da ya ji rauni. Wanda ba shi da kuɗi aka karɓi sana'arsa. Mai wanki da guga ya wanke rigunan 'yan wasa, mai aski ya yi musu aski, mai gidan wanka ya bar su su shiga kyauta, a madadin haka a ambaci sunan shagonsa. Su kuma 'yan wasa aka riƙa tura su makarantu da bukukuwan unguwanni, domin mutanen gari su san su ido da ido. A filin wasa ƙungiyar ta sake zuwa ta ƙarshe a 2001, amma an cika sharuɗɗan nan uku, kuma a karo na farko aka rufe littafin shekara da riba. Da yayyafi kogi kan cika.

Nasarar fili daga baya ta biyo. A ƙarshen 2005 Kofu ta doke Kashiwa Reysol, ƙungiyar kamfanin Hitachi, ta hau babban rukuni. Ta sauka ta sake hawa, har ta yi shekara biyar a jere a sama daga 2013 zuwa 2017. A watan Oktoba na 2022, tana rukuni na biyu, a shekarar da ta ƙare a matsayi na 18, ta ci Kofin Sarkin Japan bayan ta doke Sanfrecce Hiroshima a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wannan ya ba ta damar shiga gasar zakarun nahiyar Asiya, inda ta tsallake matakin rukuni kafin Ulsan ta Koriya ta Kudu ta fitar da ita a watan Fabrairu na 2024. Cikin 'yan wasanta a wannan tafiya har da ɗan Nijeriya, Peter Utaka. Filin da take wasa na gwamnatin lardi ne, amma ko sunansa sayar da shi ake yi, wani bankin yankin ya riƙe shi daga 2011, wani kamfanin tawada ya karɓa a 2021.

Inda hanyoyin suka rabu

Idan aka ɗora tarihin nan biyu a kan sikeli, za a ga Ranchers Bees ta riga Kofu ganin ɗaukaka da shekaru masu yawa. A 1988, lokacin da yaran Kaduna ke wasan ƙarshe na nahiya, Kofu ƙungiyar 'yan sa-kai ce da ba a san ta ba a wajen ƙasarta. Abin da ya raba su shi ne yawan hannayen da ke riƙe da jinkar. A Kofu idan mai talla ɗaya ya janye, saura ɗaruruwa. A wurinmu idan mai ƙungiya ya yi hasara a kasuwa, ko aka canja gwamna, ko kuɗin wata-wata daga Abuja ya makara, to albashin 'yan wasa ya tsaya ke nan.

Abu na biyu shi ne bayyana lissafi. A Japan hukumar gasar tana wallafa kuɗin shiga da na fita na kowace ƙungiya duk shekara, kuma tun 2012 aka shigo da tsarin lasisi wanda a ƙarƙashinsa ƙungiyar da bashinta ya rinjayi kadararta za ta iya rasa gurbinta. Mai kantin da ya ba da kuɗinsa yana iya ganin inda suka shiga. Ɗan kasuwar Kwari ko na Wuse ba ya ƙin talla, abin da yake ƙi shi ne ya zuba kuɗi inda ba rasit ba bayani.

A gida ma akwai shaidar cewa ƙungiya mai zaman kanta na iya tsayawa da ƙafarta. A 2025 Remo Stars, daga ƙaramin garin Ikenne na jihar Ogun, ta ci gasar ƙasa, ta karɓi kyautar naira miliyan 200. Ita ce ƙungiya mai zaman kanta ta farko da ta yi haka tun bayan Ocean Boys a 2006. Gaskiya ne mutum ɗaya ne, Kunle Soname, ke bayanta, amma ya gina fili da makarantar renon matasa, wato kadarorin da ke iya kawo kuɗi ko da an sha kashi ranar Lahadi.

Sai dai kada a ɗauka abin da aka yi a Kofu za a kwafe shi a nan yadda yake. Samun mutanen Yamanashi ya ninka na manomin Kwali nesa ba kusa ba. Tafiye-tafiye a ƙasar nan suna da tsada da haɗari. Akwai kuma matsalar rikici a filayen wasa, wadda ke korar magidanta da iyalansu, ta kuma kori masu talla. Kano Pillars, mai kofin gasar ƙasa huɗu da ɗimbin magoya baya, an zabtare mata maki a 2022 saboda tarzomar 'yan kallo, a shekarar ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. Babu kamfanin da zai so a ga allonsa a hoton da ake jifan alƙalin wasa.

Abin da ya rage ga Kwali

Ƙaramar hukumar Kwali, wadda aka ƙirƙiro a 1996, tana da mazaɓu goma, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum kimanin 86,000, adadin da babu shakka ya ƙaru ƙwarai saboda bunƙasar Abuja. Tana kan babbar hanyar da ta haɗa Arewa da Kudu. Akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya a garin, akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da Cibiyar Kimiyya da Fasaha a Sheda, ga gidajen mai, gonakin kaji, dillalan doya da masu buga bulo. Garin ya kuma san darajar suna, domin tukwanen Ladi Kwali sun kai sunansa ƙasashen Turai, hotonta kuma na bayan takardar naira 20.

Ƙungiyar da za ta fito daga irin wannan wuri ba za ta fara da mafarkin babban rukuni ba. Matakin farko shi ne rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni da hannayen jari ƙanana waɗanda mai shago da malamin makaranta za su iya saye, sa'an nan a shiga gasar Birnin Tarayya, a nemi hawa rukuni na uku na ƙasa. Alal misali, idan 'yan kasuwa 200 suka ɗauki allon talla na naira 50,000 kowannensu a shekara, an tara naira miliyan 10 ba tare da an je ƙofar kowane ɗan siyasa ba. Mai gidan burodi ya ba da karin kumallo, ƙungiyar direbobi ta rage kuɗin mota, mai kemis ya ba da magani. Aikin ƙaramar hukuma shi ne ta gyara fili ta kewaye shi, ta ba da haya na dogon lokaci a rubuce, ta bar gudanarwa a hannun masu jari. A ƙarshen kowace shekara kuma a kira taro, akanta ya karanta lissafi a gaban kowa.

Babbar hajar irin wannan ƙungiya ita ce matasan da take renawa. A nan takarda ta fi komai muhimmanci. Tun daga 2022 hukumar FIFA ta buɗe ofishi na musamman a birnin Faris wanda ke karɓar kuɗin reno daga ƙungiyar da ta sayi ɗan wasa ya miƙa wa waɗanda suka horar da shi, amma ba ya biyan kowa sai wanda sunansa ya fito a rajistar ɗan wasan. Yaron da ya shekara huɗu yana wasa a Yangoji ko Dafa ba tare da an rubuta shi a hukumance ba, ranar da ya yi daraja a Turai ko sisin kwabo ba zai dawo gida ba.

Ya kamata duk mai niyyar shiga wannan harka ya san cewa ba kasuwar riba ta nan take ba ce. Kofu ta shekara 36 kafin ta fara rufe littafinta da rara, kuma ribar da take samu ba ta taka kara ta karya ba, ana mayar da ita ne cikin ƙungiya. Amfanin da ɗan kasuwa ke samu yana zuwa ta wata fuska, wato sunan shagonsa a idon dubban mutanen da su ne abokan cinikinsa, da cinikin abinci da sufuri da masauki a ranar wasa, da kuma samarin da suka sami abin yi maimakon zaman kashe wando.

Babban filin wasa na Abuja tun 2019 yake ɗauke da sunan Mashood Abiola, mutumin da ya kashe dukiya mai yawa a kan ƙwallon ƙasar nan, wanda kuma ƙungiyarsa ta watse a ranar da ya ɗauke hannunsa. Tsakanin wannan fili da filayen makarantun Kwali tafiyar sa'a guda ce a mota. Masu jarin da ke son ganin yaran garin sun yi wannan tafiya wata rana, aikinsu na farko shi ne su ƙidaya mutum nawa za su kama jinkar tare da su.